Tambayar da Na Kai wa Malam

Shekara goma sha ɗaya na yi ina ja wa Malam baƙi a tafsirin azumi a garinmu, Gwaram. Ni malamin firamare ne, amma mutanen gari sun fi sanina da zama a gefen damansa. A hannunsa na yi sauka, a zaurensa na karanta fiƙihu, shi ya ɗaura mini aure. Idan ya faɗi magana ban saba neman ta a wani bakin ba.

Ƙanwata mai bi mini tana aure a Kwandiko. Mijinta ɗan kasuwa ne, yana bin ƙauyuka yana sayen riɗi. Wata shekara zazzaɓi da tari suka ƙi barinsa, ya rame ƙwarai, aka kai shi asibiti a Birnin Kudu. Gwaji ya nuna yana ɗauke da ƙanjamau. Aka gwada ƙanwata da yaransu biyu, duk aka same su lafiya. Wata ma'aikaciyar jinya ta zaunar da su ta yi musu bayani: shi ya riƙa shan magani kullum ba fashi, kuma su riƙa amfani da kwaroron roba don kada ita ta ɗauka.

Bayan ya ɗan farfaɗo, mijin ya same ni a makaranta lokacin tara. Muka koma gindin darbejiya, ya gaya mini komai, idonsa a ƙasa. Ya ce maganin yana sha, amma robar ce ta tsaya masa a rai, domin ya sha jin Malam yana tsine mata a wa'azi. Gaskiya ne, ni ma na sha ji. Malam yakan ce ƙofar fasiƙanci ce, Turawa suka kawo ta don rage zuri'ar Musulmi, kuma tana da ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani, waɗanda cutar ke ratsawa. Ya roƙe ni in tambayo masa hukuncin mai aure irinsa, amma kada in ambaci sunansa.

Washegari bayan la'asar na raka Malam gida, muka zauna a zaure mu biyu. Na ce, “Allah ya gafarta Malam, wani mutum ne aka samu da wannan cuta, matarsa kuma ba ta da ita. Likitoci sun ce su yi amfani da roba.”

Bai ɗauki lokaci ba. Ya ce mutumin ya sha maganinsa, ya yawaita istigfari, amma kada ya shigar da kayan 'yan bariki ɗakin aurensa. Ya ce abin da ba a rubuta wa matar ba ba zai same ta ba, robar kuwa ko an sa ba ta tsare komai.

Ranar Asabar na hau babur na tafi Kwandiko na isar da saƙon. Mijin ya ji daɗi, na ga alamar haka a fuskarsa. Ƙanwata ce ta biyo ni har ƙofar gida. Ta ce ma'aikaciyar nan ta cika robar da ruwa a gabanta, ta ɗaga ta sama, ko ɗigo bai zuba ba. Na ce mata ai ƙwayar cuta ta fi ruwa ƙanƙanta, kamar yadda na ji Malam yana faɗa.

“Yaya, ka tabbata?” in ji ta.

Na ce na tabbata.

Da damina ta kama, mijin ya fara sakaci. Ranar karɓar magani ta zo yana gona, wata ta zo yana kasuwar nesa, ya ga jikinsa ya dawo, ya ɗauka ya warke. Shekara ɗaya da 'yan watanni bayan zuwana Kwandiko, ƙanwata ta je awon ciki, aka same ta da cutar. Ba ta yi mini gori ba. Waya kawai ta yi mini ta ce in zo in raka ta Birnin Kudu, domin mijin kunya ta hana shi.

A asibitin na tambayi ma'aikaciyar jinyar maganar ƙofofin nan. Ta dube ni, ta tambaye ni aikina. Da na ce koyarwa nake yi, sai ta ce to ya kamata in gane: ruwa ya fi ƙwayar cutar ƙanƙanta nesa ba kusa ba, inda ruwa bai wuce ba ita ma ba za ta wuce ba, muddin an sa robar daidai. Ta ce da mijin ya riƙe maganinsa sosai, ko kuma sun riƙe robar, da wuya a kai ga haka. Ba da faɗa ta yi maganar ba, ta ci gaba da rubutunta. Har zuwa lokacin uzuri nake yi wa Malam a zuciyata. Na ce mutum ne, ya faɗi iyakar abin da ya sani.

Zuwanmu na uku ne, ina zaune a kan benci ina jiran ƙanwata ta fito, sai ga surukin Malam, mijin 'yarsa ta biyu, da katin asibiti irin nata a hannunsa. Muka haɗa ido, babu halin kaucewa. Ya zauna kusa da ni. Ya ce shekararsa huɗu yana karɓar magani a nan, kuma matarsa lafiyarta ƙalau har yau. Na tambaye shi ko Malam ya sani. Ya ce ai Malam ne ya kawo su da kansa ranar farko. Shi ya saurari bayanin likita, kuma a hanyar komawa gida ya ce masa sa robar wajibi ne a kansa, domin addini bai yarda mutum ya cutar da iyalinsa ba. Ya ce har rantsuwa ya sa shi ya yi.

Shekara huɗu. Na lissafa a raina, na ga tun kafin in kai tambayata ke nan.

A motar komawa ƙanwata ta yi ta tambayata ko ba ni da lafiya ne. Na ce kaina ke ciwo.

Kwana biyu na yi kafin na iya zuwa zauren. Na jira ɗalibai suka watse, na gaya masa wanda na gani da abin da ya faɗa mini. Bai musa ba. Ya ce maganar jama'a daban, fatawar mutum ɗaya daban. Idan ya hau mumbari ya ce robar tana kariya, samarin gari za su ɗauka ya ba su lasisi. Na ce ni ba a mumbari na tambaye shi ba, a nan ne, mu biyu, kuma mai aure na tambaya a kai. Na ce matar nan ƙanwata ce, yanzu ta kamu, ga ciki.

Ya yi salati. Sannan ya ce, “Ai ba ka gaya mini taka ba ce. Da ka ce ƙanwarka ce, da ba haka zan ce maka ba.”

Na tambaye shi matar da ba ƙanwar kowa ba fa. Ya ɗauki carbinsa ya shiga ja. Na ɗauki takalmana na fita, kuma wannan ne karo na farko da na bar gabansa ban nemi addu'a ba.

Da azumi ya matso Malam ya aiko mini sau biyu. Na ce a gaya masa maƙogwarona ba daidai yake ba. Wani ɗalibin ya zauna a wurina, mutane suka yi ta tambaya, ban gaya wa kowa dalili ba, domin asirin ba nawa ba ne ni kaɗai, akwai na 'yarsa a ciki. Muna gaisawa idan mun haɗu a jana'iza ko ɗaurin aure. Na ji an ce ya daina ambaton robar a wa'azi, amma bai taɓa cewa ya yi kuskure ba.

Ƙanwata ta haifi mace, an bi duk abin da asibiti suka ce, yarinyar ba ta ɗauka ba. Bayan suna na gaya mata abin da ya faru, ba tare da na ambaci surukin ba. Na ce Malam ya san gaskiya tun farko, ni kuma na tabbatar mata da abin da ban bincika ba. Ta gyara wa jaririyar kwanciya, ta ce ita Malam bai taɓa yi mata alƙawarin komai ba, ni ta tambaya. Daga nan ta ce ranar Talata ne karɓar maganinta, in zo da wuri kafin layi ya yi tsawo.