Kalmar da Ta Kuɓuce wa Lowrie a Teku

Masuntan tsibirinmu na Fetlar harshe biyu gare su, na tudu da na ruwa. Da jirgi ya bar gaɓa ba a cewa fasto, sai "mai tsayuwa", kyanwa kuma "mai sanɗa". Wai teku tana da kunne, ba ta kuma son jin zancen tudu. Lowrie Gardner ya iya wannan harshe tun kafin ya iya addu'a.

Sau ɗaya tak bakinsa ya kuɓuce. Yana ɗan shekara ashirin da biyu, suna jan ƙugiya da wansa Ertie, ya ce, "Fasto na son mu kai masa kifi." Ertie ya harare shi, ya yi maza ya taɓa ƙarfe don kore mugun abu. Kafin yamma igiyar ruwa ta share Ertie daga jirgin, ko gawarsa ba a samu ba.

Lowrie bai gaya wa kowa ba. Shekara hamsin da shida yana gyara wa Baabie, matar marigayin, rufin ɗaki, yana yi mata sausayar tumaki, amma bai taɓa iya haɗa ido da ita ba. Gari ya yi ta yabon kirkinsa, yabon kuwa ƙona masa rai yake yi.

Da likita ya ce zuciyarsa ta gaji, ya dogara sanda ya nufi gidanta. Ba ya so ya mutu da maganar, yana kuma tsoron ta tsane shi.

"Ƙanin miji, yau wace ɓarna ka zo yi min?" in ji ta, tana zuba masa shayi.

"Matar yaya, ni na kashe Ertie." Ya kwashe labarin ya faɗa mata.

Ta ajiye butar.

"Kai dai akwai son kai, tsohon nan. Da safiyar ran nan ya kama hanyar jirgi, na ƙwala masa kira ya dawo ya ɗauki burodinsa. Ka san ba a mai da masunci baya. Ni ce."

"A'a, ni ne."

"Kar ka ƙwace min! Uwarku ma har ta rasu cewa take ita ce, don ta yi masa fatan sa'a da baki, abin da ba a yi wa masunci."

Lowrie ya ɗago ya dube ta. "To in duk ba mu ba ne fa?"

"Ka ga teku ta ɗauke shi ke nan haka siddan, ba dalili." Ta tura masa kofin. "Wannan kam ba zan iya ɗauka ba, Lowrie. Sha shayinka, mu raba laifin biyu."