Farashin Awannin da Ba Nawa Ba

Ko zan manta komai a duniya, ba zan manta cinikin da na yi a tsakar gidan wata malamar makaranta a Kaura Namoda ba.

Lokacin mun baro Dauran, mijina ya rasu, ni da ɗana mai shekara biyu muna raɓe a gidan yayata. Malamar ta ɗauke ni rainon jaririyarta. Yayata ce ta yi mini ciniki, don ni kunya ba ta barina in faɗi kuɗi. Aka tsaya a kan daga safe zuwa kiran la'asar, duk awar da ta ƙaru kuma a biya ta daban. Ina jin daɗin tsarin, har addu'a nake a riƙe malama a wurin aiki.

Sai baƙon dauro ya kama ɗana. Da safe na faɗa wa malama. Ta karɓe jaririyarta daga hannuna a hankali, ta ce, "Baiwar Allah, kin san ciwon ga yana bin tufa. Ko ki zamna gida sai ya warke in nemi wata, ko ki zamna nan, ba zuwa ba dawowa."

Ban ga laifinta ba, uwa ce. Amma magani kuɗi yake so, kuma in na saki aikin, wata za ta kama. Ranar, ni da ba na iya buɗe baki, na zage na yi ciniki.

Na ce, "Malama, in na kwana, awannin dare fa? Mi za a ba ni?"

Ta ce rabi, tunda barci ake yi. Na ce jaririya ba ta san dare ba. Muka yi ta ja har ta yarda da cikakken kuɗi. Wallahi har wani alfahari na ji.

Kullum mai keke napep yake kai wa yayata kuɗin magani, ya dawo mini da saƙon cewa da sauƙi. Wata rana da hantsi, ina goye da jaririyar ina jijjiga ta, sai ga yayata da kanta a bakin ƙofa. Ba ta shigo ba, saboda sharaɗin malama. Daga can ta ce, "Sai haƙuri, yaro ya cika. Tun jiya yake kiranki, Inna, Inna."

Malama ta biya ni kowace awa, tana kuka, har da ƙari. Ba ta cuce ni ko kwabo ba, kuma wannan ya fi komai ci mini rai, don ban sami wanda zan riƙe ba.

Yanzu in mata suka zo in yi musu cinikin raino, kafin a taɓo kuɗi nakan sa a amince da abu ɗaya: ranar da ɗan mai rainon ya kwanta, za ta tafi gida kuma aikinta yana jiranta. Na koyi cewa awannin da na sayar da tsada ranar nan ba nawa ba ne, na ɗana ne.