Yaron da Bai Shiga Jeri Ba

Duk wanda ya san bakin tafkin Madarunfa ya san Tanko masunci, kuma duk wanda ya san Tanko ya san ɗiyarsa Bushira, wadda ta ƙi kifi ta kama ordinatar, wato kwamfuta. Tun tana ƴar lakwal, a makarantar firamare, hannunta ba ya zama lafiya. Sau uku tana kwance rediyon ubanta, sau biyu ya tashi. Ta yi lise, wato babbar sakandare, a Maraɗi, ta ci jarrabawar bak, ta ƙara shekara uku tana koyon rubuta shirin na'ura, sannan ta tattara kayanta ta dawo gida. Mutane suka yi ta mamaki, don masu irin karatunta Yamai suke nufa. Ita kuwa cewa ta yi tuwon gidansu bai yi mata laifin komai ba.

Ƴar fari ce, saboda haka mahaifiyarta Maryama ba ta taɓa kiran sunanta ba. Kunyar ɗan fari a wurin matanmu ba abin wasa ba ce. “Ke wannan, zo ki sauke tukunya.” In baƙo ya tambayi ina Bushira, sai Maryama ta kau da kai ta ce, “Waccan ta fita.” Shekara ashirin da bakwai ana haka, har kunnen Bushira ya daina ji. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Aikin da ya fito da ita na rigakafi ne. Allurorin farko na jarirai kusa da juna suke, uwa ba ta mantawa. Ta ƙyanda ce ke kuɓucewa, don sai yaro ya cika wata tara, kuma kafin nan damina ta shigo, ko an tafi biki, ko dai hidimar gida ta sha kai. Wata ƙaramar ƙungiya ta nemi Bushira ta yi wa gidajen likita biyar na ƙauyukan wajen Gabi shirin da zai riƙa tunawa. Ran da aka yi wa yaro allurar wata uku da rabi sai a shigar da shi tablet. In ya cika wata tara ya fito a jeri, masu kira su bi gida gida su ce wance, a kawo yaro ran Talata. Matan suka saba. In ba a aiko ba, to lokaci bai yi ba.

Da harshen Java ta rubuta shi. A ciki kowane yaro abu ne guda mai zaman kansa, da sunansa da na uwarsa da ƙauye da ranar haihuwa, duk a ɗaure wuri ɗaya kamar ƙullin kaya. Ta yi alfahari da shi, kuma gaskiya ya yi kyau.

Sati biyu da farawa, Majo Isma'ila ya kira ta. Shi ne shugaban ɗaya daga cikin gidajen likitan, mutumin kirki, amma in ya buɗe baki a portabul, wato wayar hannu, sai ka janye kunnenka.

“Malama Bushira, abin nan naki ya sake mutuwa a hannuna! Mata arba'in a layi, rana na gasa musu ƴaƴa, ni kuma ina nan ina lallashin allo!”

Shi shirin Java haka halinsa yake. In yana cikin gudu ya ci karo da abin da bai zata ba, sai ya tsaya ya jefo kuskuren, da jan rubutu mai bayyana layin da abin ya faru. In mai shirin ya tanadi wurin cafewa, sai a cafe kuskuren a san yadda za a yi da shi. In bai tanada ba, shirin ya faɗi warwas. Wurin da ake gwada aikin ana ce masa try, wurin cafewar kuma catch.

Abin da ya kamata Bushira ta yi shi ne ta hau babur ɗin kabu-kabu ta je ta karanta jan rubutun nan har ƙarshe. Ina! Ranar tana da aiki uku a gabanta, ga zafin maganar Majo yana cin ta. Ta ɗora laifin a kan rezo, wato layin sadarwa, don a ƙasar nan rezo ke ɗaukar laifin komai. Ta buɗe wurin da ake adana yaro, ta naɗe shi gaba ɗaya cikin try, ta sa catch ya cafe Exception, wato uwar dukkan kurakurai, manya da ƙanana. Cikin catch ɗin kuwa ta bar shi fayau, ko layi ɗaya ba ta rubuta ba. A ƙasansa ga saƙo mai launin kore da ke fitowa a allo yana jira: An adana. Malaminsu na Maraɗi ya sha gaya musu cewa wanda ya yi haka bai gyara komai ba, bakin mara lafiya kawai ya toshe. Ta sani sarai. Ta ce wa kanta jibi za ta dawo ta yi shi yadda ya dace.

Shirin bai sake faɗuwa ba. Majo ya yi ta sa mata albarka, ya ɗauki babban littafin rajista ya jefa cikin kabad. Jibi kuwa ba ta zo ba.

Bayan shekara guda, cikin tsakiyar bazara, ƙyanda ta shigo ƙauyukan. Wata safiya Majo ya kira, kuma wannan karon muryarsa a ƙasa take, abin da ya fi ihunsa ban tsoro.

“Ki zo. Akwai yaro nan, wata goma sha uku, ba a yi masa ta ƙyanda ba. Ga karnen rigakafinsa, katin asibiti, a hannuna, ni na rubuta da kaina ran da na shigar da shi. Amma ba ya cikin jeri.”

Ta tarar da yaron kwance a kan zanen uwarsa, jiki duk ƙuraje, yana numfashi sama sama. Idanunsa sun kumbura sun manne da kwantsa, na hagu ya fi muni. Majo ya ce zazzaɓin zai iya sauka, idon ne yake tsoro. Uwar, Hasana, ba ta wuce shekara ashirin da biyu ba, mijinta yana cin rani a Najeriya. Gefenta Inna Delu ce zaune, tsohuwar ungozomar da rabin ƴaƴan yankin a hannunta suka faɗo.

Bushira ta nema da sunan ƙauye, ta nema da sunan uwa, ta nema da ranar haihuwa. Babu. Ta durƙusa gaban Hasana.

“Ƴar uwa, mi sunan yaron?”

Hasana ta sunkuyar da kai, tana murza bakin mayafinta.

“Haba ɗiyata,” in ji Inna Delu, “ɗan fari ne fa. Adamu sunansa.”

Bushira ta sake duban Hasana. Wannan sunkuyar da kan ta san shi, da shi ta girma, a tsakar gidansu yake kwana yake tashi. Ta juya ga Majo.

“Majo, in uwa ba ta faɗi suna ba, ƙaƙa kake yi?”

“In Delu na kusa ta gaya mini. In ba ta nan in bar wurin, in ce sai an jima. Ai abinki kore yake nuna mini.”

Nan take ta gwada. Ta shigar da yaron ƙarya, ta bar gurbin suna, ta danna. An adana. Ta duba jeri, babu shi. Ta buɗe ordinatarta a kan bencin awo, ta cire catch ɗin nan, ta sake gwadawa. Jan rubutu ya cika allo, kuma a karo na farko ta karanta shi har ƙarshe. Layi na tamanin da takwas. A nan shirin ke ɗaukar haruffa uku na farkon suna don ya haɗa wa yaro lamba. In babu suna, babu abin ɗauka, sai ya jefo kuskure kafin ya kai ga adanawa. Rezo bai san hawa ba bai san sauka ba. Tun bara shirin yake ƙoƙarin gaya mata cewa akwai uwayen da ba sa faɗin suna, ita kuwa, ƴar farin Maryama, ta toshe masa baki.

Kunya ta kama ta, da baƙin ciki. Ta gaya wa Majo komai, ba ta rage ba. Mutumin da ya saba ihu, tambaya ɗaya kawai ya yi.

“Su nawa ne?”

Ba ta sani ba. Catch ɗin da ba a rubuta komai a cikinsa ba ba ya barin sawu. Inna Delu ce ta fitar da su. Ta miƙe ƙafa ta fara lissafo ƴaƴan fari ƙauye bayan ƙauye, ɗan wance matar wane, ɗiyar wance da ta haihu ran kasuwa, Bushira tana dubawa a jeri. Ban da Adamu, aka sami bakwai da babu su. Aka aika wa sauran gidajen likitan su ma su tambayi ungozomominsu. Kwana huɗu Bushira tana bayan kabu-kabu tare da mai allura, har aka yi wa bakwai ɗin nan duka kafin cutar ta iske su. Adamu kuwa an riga an wuce da shi Maraɗi.

Gyaran bai ɗauke ta yini biyu ba, kuma wannan ne ya fi ƙona mata rai. Da farko ta cire rashin suna daga cikin kurakurai, don ba kuskure ba ne, haka mutanenta suke. Lambar yaro ta koma fitowa daga sunan uwa da ranar haihuwa. Sannan kowane kuskure ta ba shi nasa catch. In rezo ne, a ajiye yaro cikin tablet a sake turawa an jima. In wanda ba ta sani ba ne, ya fito ja da Hausa, a rubuta shi a ajiye mata. Kore kuma ba ya sake fitowa sai shirin ya koma ya ga yaron a cikin jeri. Har yau masu ba ta aiki suna ƙorafin tana da nawa, wai sai ta karanta kowane jan rubutu kamar wasiƙar gida. Ba ta musa musu.

Adamu ya rayu. Idon dama ya buɗe garau. Na hagu ya bar farin tabo a tsakiya, kuma likitan ido ya ce ba zai gani da shi ba.

Bayan ruwan shuka, wata Talata, Bushira tana gidan likitan tana duba tablet ɗin sai ga Hasana da yaron a goye, ta kawo shi awo. Ta sauke shi, ta zo ta tsaya gaban tebur.

“Malama, an ce don ban faɗi sunansa ba ne na'ura ta ƙi shi. Haka ake faɗi a garinmu.” “Yau zan faɗa. Ki rubuta.”

Ta ɗaga kai za ta faɗa. Matan da ke layi suka juyo. Bushira ta miƙe ta kama hannunta.

“Kada ki faɗa. Ni ma ƴar fari ce, innata ba ta taɓa kiran sunana ba, kuma ba ta yi laifi ba. Ke ma ba ki yi ba. Na'urar ta yi magana, ni na hana a ji. Ki gaya wa mutanen garinku Bushira ɗiyar Tanko ce ta yi, ba ke ba.”

Hasana ta dube ta. Ta ce, “Allah ya riga ya rubuta, Malama.” Bushira ta amsa da to, amma maganar ba ta sauke mata komai ba.

Ta zauna ta shigar da shi, ta bar gurbin suna yadda yake, ta danna. Kore ya fito. Duk da haka ta buɗe jeri ta duba, ta rufe ta sake dubawa. Yana nan, ɗan farin Hasana. Hasken ya ja hankalin yaron, ya miƙo hannu daga cinyar uwarsa. Tablet ɗin tana ta hagunsa, sai da ya juya kansa gaba ɗaya kafin ya gan ta.