Saiwar da Malam Ya Fita da Ita

Wai ta yaya tsamiya ta zama 'yar'uwar wake? Har yau ban gane ba. Mijina, Malam, shi ke tsirar wa malaman jami'a irin itatuwa a jiƙaƙƙen buhu. Su kuma su yanki bakin saiwar, su ƙirga wasu zarurruka a madubinsu mai ƙara girman abu, su faɗi dangin kowace bishiya. Jiya na ji warin jiƙaƙƙen buhu a kasuwar Kokoro, na dawo gida ni kaɗai ina kuka.

Shekarar da 'yan bindiga suka kewaye unguwarmu, ɗorawarsa ta tsiro. Na riƙe rigarsa na ce, "Malam, ba a tsallake gadar Yakite yanzu." Ya sa kwalbar saiwa a aljihu ya fita zai kai jami'a, bai dawo ba. Allah ya sanyaya makwancinsa. A ranar, daga bakin ƙofa ya waiwayo ya ce, "Hajiya, ki yayyafa wa sauran ruwa."