Salansar Buba da abin da ke ƙarƙashin tamfol

Na yi ritaya daga aikin duba lafiyar motoci, amma wata safiyar Laraba cikin damina ta ƙi fita daga raina. Muna tsaye wajen gadar Nukkai, ni da shugabarmu, Madam Rifkatu. Ƙa'idar aikin ita ce duk motar da aka taɓa salansarta har ƙararta ta wuce kima, a tsayar da ita, a leƙa ƙarƙashinta, a kai ta ofis sai an gyara.

Tun ba mu ga motar ba muka ji ta. Wata tsohuwar akori-kura ce daga Mutum Biyu, an lulluɓe bayanta da tamfol saboda yayyafi. Direban, Buba, ya sauko yana murmushi kamar wanda aka yi wa kirari.

"Oga, ba lalacewa ba ne, ni na sa mai walda ya yanke tukunyan salansan," in ji shi. "Mutanen ƙauye da ƙara suke sanin mota na. In sun ji, su fito da kaya bakin hanya. Yau kam ku bar ni, Dada na, wato uwa na, zan kai asibiti, ƙafan ta ne ya kumbura."

Madam mace ce mai tausayi. Ta ce, "Malam Sale, leƙa kawai mu sallame shi."

Na durƙusa na leƙa. An yanke bututun hayaƙin daidai ƙarƙashin bodi, katakon ƙasan bodin kuma duk ramuka. Hayaƙin ba baya yake fita ba, sama yake hawa.

"Ina tsohuwar?"

"Yana baya, yana barci. Na shimfiɗa mishi katifa."

Na yaye tamfol ɗin, hayaƙi ya buge ni a fuska. Tana kwance, ta yi amai, takalminta ɗaya a hannu. Na kira ta, na girgiza ta, ko motsi. Ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba. Muka ciccibe ta zuwa motarmu ta aiki, Madam da kanta ta ja. Buba kuwa ya kasa ko taku, sai da na tura shi ciki.

Allah ya yi da sauran kwananta, ta farfaɗo da yamma. Likita ya ce da an ƙara tafiya kaɗan, gawa za mu kawo masa.

Bayan mako Buba ya zo ofis da sabuwar salansa. Ya tayar da motar, muka saurara, lafiya lau. Bai tafi ba, ya tsaya yana murza makulli.

"Oga, ka ga takalmin nan da Dada ya riƙe ranan? Dada ya ce tun muna barin Mutum Biyu yake buga bayan kujera na da shi, yana kiran suna na. Wallahi ban ji ba."

Da can ina ɗauka dokar ƙara don kunnen mutanen gari aka yi ta. Daga ranar nake gaya wa sababbin ma'aikata: kada roƙo ya hana ku durƙusawa, domin wanda ƙarar ta fara kurmantawa shi ne wanda ke riƙe da sitiyari.