Agogon Shekarar Haihuwa

Ni da taubashina, ɗan ƙanen Innata, mun shekara fiye da arba'in muna gardamar wane ne babba. Sati guda ne tsakaninmu, kuma kowa ya ce nasa satin ne na gaba.

Wata ranar Juma'a ya shigo majalisarmu ta Ƙanƙara ya naɗe hannun riga har gwiwar hannu, alhali ba alwala zai yi ba. A wuyan hannun nasa ga wani tsohon agogo siriri, ruwan zinariya, mai maɗaurin fata, irin wanda ake murɗawa da yatsa kafin ya yi aiki. Ya ce a shekarar da aka haife shi aka ƙera shi, shaidar tana nan cikin murfin baya. Ranar ya duba lokaci ya fi sau dubu. Ko atishawa aka yi sai ya gaya mana ƙarfe nawa aka yi ta.

Na ce masa agogon tsofaffi ne. Amma da na koma gida ko tuwo ban tsaya ci ba. Nawa na roba mai batir na jefa shi cikin aljihu, har yau bai fito ba.

Ranar kasuwar 'Yankara na tafi wurin wani dattijo mai gyaran agogo, wanda ke da tsofaffin agoguna cike da gwangwani.

"Malam, na shekarar haihuwata nake so."

"Wace shekara ke nan, Alhaji?"

Nan fa ake yin ta, don shekarun haihuwata uku ne. Akwai wadda hedimasta ya rubuta ranar da ya sa na zagaya hannu bisa kai na taɓa kunne. Akwai ta takardun aikina na ƙaramar hukuma, inda na zabge shida don ritaya ta jira ni. Sai ta Inna, wadda ba ta da lamba: daminar da rumbun babanmu ya faɗi.

Dattijon ya ajiye mini agogo biyu. Ɗaya tagwayen na taubashina ne, har ya fi shi sheƙi, shekararsu ɗaya. Ɗayan ƙanensa ne da shekara shida, fuskarsa ta ɗan dushe.

Raina duk yana kan na farkon. Na ɗaura shi, na ji hannuna ya yi nauyin na ɗan majalisa. Sai na tuna mai kula da fayil ɗin ma'aikata a majalisarmu yake zama, kuma taubashina ba zai bar murfin nan a rufe ba. Ranar da aka karanta shekarar, ranar zan fara shirin komawa gonarmu ta ƙauyen Pauwa.

Na kwance shi a hankali kamar mai sallamar amarya, na ɗauki ƙanen.

Juma'ar da ta biyo na naɗe hannun rigata har kafaɗa. Taubashina bai ko bari na zauna ba.

"Bawana, mi nike gani haka? Kawo."

Ya sa wuƙar yankan farce ya ɓalle murfin, ya karanta, ya sake karantawa. Sannan ya miƙa wa mai fayil.

"Ranka ya daɗe, wannan ta yi daidai da takarda?"

"Daidai take," in ji mai fayil.

"To jama'a ku shaida. Gardamar shekara arba'in ta ƙare, shi da kanshi ya je kasuwa ya sayo hukunci." Ya juyo gare ni. "Ƙanena, lokacin da aka haife ka na fara kiwon awaki. Tashi ka karɓo mana shayi."

Na buɗe baki in kira Inna da rumbu shaida, sai na ga mai fayil ya gyara zama yana saurare. Na tashi na karɓo shayin.

Yanzu shekara biyu ke nan ni ne mai ɗauko buta da shimfiɗa tabarma a majalisa. Kuma duk lokacin da na biya 'Yankara sai na leƙa gwangwanin dattijon nan. Tagwayen yana nan. Na roƙe shi ya ajiye mini har ranar da zan yi ritaya.