Durumin Kan Hasumiya

Yayana Sengodan bai yi irin aikin da dangi ke fariya da shi a gidan biki ba. Ni furanni nake sayarwa a ƙofar haikalin garinmu, shi kuwa tun yana saurayi aikinsa hawa hasumiyar haikalin, yana cire tsiron da ke fitowa a tsagar duwatsu. Baƙi su zo daga nesa su yi ta kallon giwaye da 'yan rawar da magabata suka sassaƙa har wuyansu ya ƙage, Yaya na can sama da ɗan ɗaurin zanensa ba wanda ya kula da shi. Ni abin na ba ni haushi, shi ko a jikinsa.

Tsuntsaye ne ke jawo aikin. Su ci 'ya'yan durumi, su hau hasumiya su yi kashi, ruwa na sauka sai ga ganye kore, saiwa kuma ta fara ture dutse. Durumi kuwa itace ne mai tsarki, mata na zagaya shi suna roƙon haihuwa, ba mai kashe shi ya kwana lafiya. Don haka Yaya ba ya fizga. Ruwa yake ɗiga wa tsagar da buta har ƙasar ciki ta yi laushi, ya sa tsinken tsohuwar lema yana lallaɓa saiwar kamar mai cire wa jariri ƙaya, ya sauko da tsiron a ɓawon kwakwa ya dasa. Duk inuwar da ke hanyar tafki a kugunsa ta sauko.

Matarsa Ponnamma ba ta raga masa.

"Ka dasa, tsuntsu ya ci, ya koma sama ya yi kashi, ka sake hawa. Kai da hankaka kun haɗa baki ne a kaina?"

"To ai shi ya sa tukunyarki ba ta taɓa kwana da yunwa ba," in ji shi.

Haka suka tsufa. Da gwiwarsa ta fara kumbura, Ponnamma ta ɗauke igiyar da yake ɗaurawa a kugu ta ɓoye, ta ce hawa ya ƙare. A shekarar ne wani tsiro ya fito can kusa da ƙololuwa, har ya fara ɗaga dutsen wata 'yar rawa mai ganga. Masu kula da haikali suka ce in ba a cire shi kafin damina ba, za su sa a tsiyaya masa maganin kashe ciyawa. Ban ga laifinsu ba, dutsen nan in ya faɗo a kan mutane zai faɗo.

Yaya ya daina cin abinci. Ya zo ya zauna kusa da kwandona, kai a sama.

"Kamatchi, ban taɓa kashe ko ɗaya ba," ya ce mini. "Sai yanzu da na kusa tafiya za a kashe shi ina kallo?"

Tausayi ya kama ni, na rufe kwando na nufi gidansu. Na tarar da Ponnamma tana niƙa shinkafa.

"Yaya Ponnamma, mijinki zai mutu a zaune."

"Gara a zaune da a tattaro mini shi a tabarma. Ke ba mijinki ba ne."

"Yayana ne ai."

"To ki hau masa."

Na fito ina ƙunƙuni. Washegari da safe sai ga ta a ƙofar haikali, igiya a kafaɗa, fuska a murtuke. Ashe a ƙasan randar shinkafa ta ɓoye ta. Ta jefa wa Yaya.

"Tashi, tsoho. Amma ba za ka ɗaure ta a ginshiƙi kamar da ba. Ni zan riƙe."

Matar da ke ihu in ta ga jemage, ita ce ta bi shi ta matakalar ciki mai duhu da warin jemagu har tagar sama. Ya fita ta tagar, ta naɗe igiyar a hannu ta tokare ƙafa da bango. Saiwar ta yi nisa, ba aikin yini ɗaya ba ne. Kowace safiya su hau, ni ina ƙasa ina kitsa furanni ina ɓatawa. Daga can nake jiyo muryarta: "Lallaɓa shi dai, ni ba wanda ya taɓa lallaɓa ni haka!"

Ranar da saiwar ta fito gaba ɗayanta, Yaya ya sauko yana ɗingishi yana dariya, ɓawon kwakwa a ƙirji. Tafin hannun Ponnamma duk ya saɓule. Ya kalli hannun, dariyar ta tsaya.

A bakin tafki ya dasa tsiron. Ponnamma ta ce awaki za su cinye, sai an kewaye shi da ƙaya da sanduna an ɗaure, ta kuwa zaro wuƙa ta miƙa hannu ya ba ta igiyar. Yaya ya ɗaga kai ya dubi hasumiya, ya daɗe yana dubanta. Sannan ya kwance igiyar daga kugunsa, ya ja ta da hannu biyu ya riƙe mata, ita kuma tana yankawa.